Yadda ake gane aiki ya fi ƙarfin sojojin yankinku, da yadda ake bin sawun mai alhaki

Duk garin da ɓarayin daji suka taɓa shiga a Zamfara ko kudancin Kebbi ya san wannan zance: an kira sojoji tun tsakar dare, ba su iso ba sai da hantsi, an riga an kora shanu an wuce da mutane. Washegari a wurin jana'iza za a ji fassara iri biyu. Wasu su ce an haɗa baki da su, wasu su ce tsoro ne. Akan samu inda hakan gaskiya ne, amma sau da yawa abin da ya faru lissafi ne ya ƙi fita: aikin da aka ɗora wa rundunar ya fi yawan mutanenta, da motocinta, da awoyin barcinta. Wannan bayani na kwamitocin tsaro na gari ne, da ƙungiyoyin ci gaban yanki, da masu unguwanni da 'yan jarida, domin su iya auna abin da kansu, su kuma san ƙofar da za su buga.

Sharaɗi ɗaya kafin komai. Abin da kuka ƙirga game da sansanin da ke kusa da ku, yawan mutane ne ko motoci ko lokacin fita sintiri, ba ya shiga Facebook, ba ya shiga zauren WhatsApp, ba a kuma faɗarsa a teburin mai shayi. Infoma ba ya buƙatar fiye da haka. Mutum biyu ko uku amintattu su riƙe littafin, a rubuta da hannu, a ajiye a wuri guda.

A fara da lissafin gadi

A tsarin soja, ƙaramin rukuni yana da mutum kamar goma. Irin wannan ƙaramin rukuni guda uku a haɗe su ne rukunin da laftanan ke jagoranta, kimanin mutum 30, kuma irinsa aka fi ajiyewa a ƙaramin sansanin ƙauye. Bataliya cikakkiya takan kai mutum 600 zuwa 800 a takarda, amma a rarrabe take a wurare da dama.

Ku ɗauki mutum 30 ɗin nan. Cire kwamanda, da saje, da mai riƙe da rediyo. Cire direbobi biyu da mai dafa abinci. A kowane lokaci da wuya a rasa mutum biyu da zazzaɓi ya kwantar ko suka tafi hutu. Saura 22. Sansani yana da kusurwa huɗu, kuma da dare ba a barin mutum ɗaya a ramin gadi, biyu ake sakawa don ɗaya ya hana ɗaya gyangyaɗi. Mutum takwas ke nan a tsaye lokaci guda. Idan za a bi ƙa'idar awa biyu a gadi, awa huɗu a huta, ana buƙatar zubi uku, wato mutum 24. Tun ba a fita ko'ina ba an riga an ci bashin mutum biyu.

To a cikin wannan hali ne waya ke shigowa cewa an shiga ƙauye kaza. Kwamanda yana da zaɓi biyu, kowanne da ɗaci. Ya kwashi mutum 15 ya fita, ya bar bakwai su tsare sansani da makamai da albarusai, ko ya zauna ya nemi ɗauki daga sama. Ɓarayin sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa sukan taɓa wani ƙauye don su jawo sojoji, sannan su auka inda suka nufa tun farko, ko su tare hanya su yi kwanton ɓauna. A Satumbar 2021 sansanin Mutumji da ke ƙaramar hukumar Maru ya sha hari, aka kashe jami'an tsaro 12. Duk kwamandan ƙaramin sansani yana da irin wannan labari a ransa lokacin da yake yanke shawarar fita.

Don haka tambayar farko da kwamiti zai amsa wa kansa ita ce: bayan an cire masu gadin sansani, mutum nawa ke saura da za su iya fita? Idan amsar ba ta kai goma ba, sansanin kansa kawai yake iya tsarewa, tare da gidajen da ke cikin nisan harbinsa.

Nisa da awa ake auna shi

Kada ku auna tazara da kilomita kawai. Ku zana ƙauyukan da ake cewa sansanin yana kula da su, kowanne a rubuta lokacin da mota mai kaya ke ɗauka ta isa, sau biyu: na rani da na damina. Hanyar burji da ruwa ya ci, mota ba ta wuce kilomita 20 a awa, da dare ma ƙasa da haka. Ƙauyen da ke nisan kilomita 25 ya ci awa ɗaya da kwata ke nan. Ƙara rabin awa na tada mutane, ɗora kaya da neman izini. Ƙara lokacin da mai kira ya ɓata yana hawa tudu ko bishiya yana neman sabis. Ƙara tsayawar da dole a yi a kowace gada da kwalbati, musamman tun ƙarshen 2024 da aka fara samun nakiyoyi binne a hanyar Dansadau. An haura awa biyu. Masu hari a kan babura, biyu-biyu ko uku-uku, ba sa buƙatar awa guda su gama.

Ƙauyen da lokacinsa ya wuce minti 45 a wannan jadawali, a rubuta shi a matsayin wanda ba shi da kariya, ko da sunansa yana cikin takardar rundunar. A damina, wanda rafi ya raba da sansani a sa shi a layi ɗaya da su. Wannan jadawali shi ne hujja mafi ƙarfi da za ku riƙe, domin ba ya zargin kowa, kuma duk direban da ke bin hanyar zai iya tabbatar da shi.

Alamomin da ido ke gani

Babbar alama ita ce rashin canji. Rundunonin da suka daɗe suna yaƙi sun gano cewa kowane rukuni ɗaya da ke fagen daga yana buƙatar biyu a baya, ɗaya yana hutawa, ɗaya yana horo don ya karɓe shi. Sojan Ingila ya tsara wata shida a fage sannan wata 24 kafin a sake tura mutum. Amurka, da yaƙin Iraƙi ya matse ta a 2007, sai da ta tsawaita zaman sojojinta daga wata 12 zuwa 15, kuma kowa ya ɗauki hakan shaidar cewa aiki ya fi ƙarfin runduna. A nan gida, a Agustan 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri suna ƙin a tura su Marte, kukansu shi ne sun shekara da shekaru a fagen daga ba canji. Idan fuskokin da ke shingen garinku su ne dai tun damina biyu da suka wuce, har sun san sunan kowane mai kanti, ku rubuta watan da suka zo. Sojan da ya daɗe haka yakan gaji, ya saba da wuri, hankalinsa ya koma kan iyali da bashi, kuma nan ne karɓar na goro a shinge ke samun gindin zama.

Sai motoci. Ku lura da nawa ke tashi, nawa ke kan duwatsu an cire tayoyi. Sansanin da ke cire kayan wata mota yana gyara wata, kayan gyara sun daina zuwa masa. Haka idan aka fara neman gudummawar man fetur daga shugaban ƙaramar hukuma ko 'yan kasuwa kafin a fita sintiri. Hilux ba motar sulke ba ce, harsashi yana ratsa ta, kuma rukunin da ba shi da mai sulke ko ɗaya zai yi ta jinkirin shiga hanyar da ake zargin kwanto.

Akwai kuma rufe ƙananan sansanoni a tattara mutane wuri guda. An yi haka a Borno a 2019, bayan asarar da aka yi a wurare irin su Metele a Nuwambar 2018. Dabarar tana rage mutuwar sojoji, amma tana barin ƙauyuka da hanyoyi a buɗe. Idan an janye sansaninku, ku rubuta rana da awa, da ko an sanar da hakimi, da kwana nawa aka yi kafin hari na gaba.

Alama ta ƙarshe ta fi wuyar ganewa, domin kama take da ƙarin ƙarfi. Idan ƙafa ta yi kaɗan a ƙasa, sai a jingina da jirgin sama da 'yan sa-kai. Jirgi yana tarwatsa sansanin daji amma ba ya kwana a ƙauye, kuma idan babu wanda ke ƙasa yana haɗa shi da rediyo, daga sama ɗan sa-kai a kan babur da ɓarawo a kan babur duk ɗaya ne. Abin da aka ruwaito a ƙauyen Tungar Kara da ke Zamfara ke nan a Janairun 2025, inda harin jirgi ya faɗa kan mutanen da suka fito bin sawun ɓarayi. A Maris ɗin 2022 kuwa, 'yan sa-kai fiye da 60 ne aka kashe a kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru. Askarawan da gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar a Janairun 2024, su sama da 2,600, sun san daji kuma sun ƙara hannu, sai dai makamansu da horonsu ba na tarar mutum ɗari masu manyan bindigogi ba ne.

Daga ina ƙarancin ya taso

Akwai ma'aunin da masana yaƙin sunƙuru suka daɗe suna amfani da shi: jami'an tsaro 20, soja da ɗan sanda a haɗe, ga kowane mutum 1,000 na yankin da ake son riƙewa. Ba aya ba ce, ana jayayya a kansa, amma yana nuna girman ramin. Ƙidayar 2006 ta ba Zamfara mutum sama da miliyan 3.2. Ko da wannan tsohon adadi, ma'aunin zai nemi jami'ai 64,000 a jiha ɗaya mai faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 40,000, da dazuzzuka irin su Kuyambana, Sububu, Dumburum da Munhaye. Sojojin Najeriya gaba ɗaya, na ƙasa da na sama da na ruwa, ƙiyasin da aka fi ambata bai kai 250,000 ba, 'yan sanda kuma kimanin 370,000, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Daga wannan tukunya ake ɗiba a kai Borno da Yobe inda ake yaƙi tun 2009, a kai Filato da Binuwai, da yankin mai, da kudu maso gabas, ga Lakurawa da suka buɗe sabon fage a iyakar Sakkwato da Kebbi.

Sunan rundunar da ke aiki a nan ya sha canzawa: Harbin Kunama da aka ƙaddamar a dajin Dansadau a 2016, Sharan Daji, Diran Mikiya na sojan sama a 2018, Hadarin Daji a 2019, sai Fansan Yamma a 2024. Duk lokacin da aka sanar da sabon suna, abin tambaya shi ne bataliya nawa aka ƙaro, kuma daga ina aka ɗebo su. Idan daga Katsina ko Neja aka kwaso, an toshe ɓaraka ne da ƙyallen da aka yanko daga jikin rigar.

Bin sawun alhaki

A nan ake yawan barin jaki ana dukan taiki. Sojan da ke shinge shi ido ke gani, shi ake zagi, alhali bai zaɓi inda aka ajiye shi ba. Ga kowane abin da ya lalace, ku yi tambaya huɗu a jere: wa ya ba da aikin, wa ke da hakkin ba da kayan aikin, wa aka sanar kuma yaushe, wa ke da ikon canza lamarin bai canza ba. Inda amsoshin suka taru, nan alhaki yake.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya rarraba abin a fili. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 217 ya ba da damar sa sojoji su taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya nema, sashe na 218 kuma ya ba shi ikon yanke yadda za a yi aiki da su. Saboda haka yawan fagagen da aka buɗe wa soja lokaci guda, da yawan waɗanda ake ɗauka aiki, da barin soja yana aikin da na ɗan sanda ne, duk a teburin shugaban ƙasa da ma'aikatar tsaro suke. Kuma zama ɗan gida a kujerar bai taɓa canza lissafin ba: Aliyu Gusau ya riƙe ma'aikatar a 2014, Mansur Dan-Ali daga 2015 zuwa 2019, Bello Matawalle ya zama ƙaramin minista a 2023, dukansu 'yan Zamfara.

Hafsoshin tsaro da kwamandojin da ke ƙasa da su, daga Runduna ta 8 a Sakkwato zuwa Birged ta 1 a Gusau zuwa bataliyoyi irin ta Zuru, nasu shi ne rabon mutanen da aka ba su, da jadawalin canji, da isar alawus da abinci da albarusai, da faɗa wa na sama gaskiya idan aikin ba zai yiwu ba. Wannan na ƙarshen ne aka fi sakaci da shi. Kwamandan da ya karɓi ƙauyuka 40 da mutum 30, ya rubuta cewa komai lafiya, ya ɗauki rabon alhakin da zai iya turawa sama da takarda guda.

Majalisar tarayya ita ke amincewa da kasafi, kuma sashe na 88 ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe. Binciken dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da aka fara a 2015 ya nuna abin da ke faruwa idan ba a sa ido ba. A shekarar da ta gabace shi, kotun soja ta yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa kan bore da ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su makamai ba, daga baya aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Hukunci ya yi saurin sauka a ƙasa, a sama kuwa shari'a ta yi ta jan ƙafa.

Gwamna fa? Ana ce masa babban jami'in tsaron jiha, amma ba ya ba soja umarni, kuma ko kwamishinan 'yan sanda, sashe na 215 ya ba shi damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Gwamna Dauda Lawal ya sha faɗin haka a bainar jama'a. Wannan gaskiya ne, sai dai bai wanke gwamnoni ba. Hanyar da ke mayar da tafiyar awa ɗaya ta zama uku tasu ce ko ta ƙaramar hukuma. Kuɗin tsaro da ba a bayyana yadda ake kashe su nasu ne. Shawarar sulhu ko ƙin sulhu, da ajiye ɗalibai a makarantar kwana da ke bakin daji, da ladabtar da basaraken da aka samu da hannu, duk nasu ne.

Abin da ya faru a Maga, ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta jihar Kebbi, ranar 17 ga Nuwamba 2025 ya nuna yadda ake tambayar. An sace ɗalibai mata 25 a makarantar kwana ta garin, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Gwamna Nasir Idris ya fito ya ce an samu bayanan sirri tun kafin harin, an kai sojoji, amma suka bar wurin da misalin ƙarfe uku na dare, ba a yi awa ɗaya ba maharan suka iso, ya kuma nemi a faɗi wanda ya ba da umarnin janyewar. Tambayar tana da rana, tana da awa, kuma tana neman mutum ɗaya da ya sa hannu ko ya yi magana a rediyo. Irin ta ake so. “Sojoji ba sa komai” zance ne da ba wanda zai iya amsawa, ba kuma wanda zai tsorata da shi.

Takarda da inda ake kai ta

Kowane hari a ba shi shafi ɗaya: rana, awar da aka fara ganin alama, awar da aka kira, muƙamin wanda aka kira, abin da ya ce, awar da ɗauki ya iso, da asarar da aka yi. Idan da gargaɗi kafin harin, kamar wasiƙar haraji ko ganin babura suna taruwa, a rubuta wa aka faɗa wa. Gargaɗi a riƙa aika shi a rubuce ta hannun dagaci zuwa hakimi da baturen 'yan sanda, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Abin da aka faɗa da baki, ranar bincike kowa zai ce bai ji ba.

Bayan wata uku a tattara shafukan da jadawalin nisa a takarda da ba ta wuce shafi biyu ba, a rufe ta da buƙata ɗaya ko biyu da za a iya aunawa: a gyara kwalbati kaza kafin Yuni, a canza rukunin da ya wuce wata 18, a ƙaro mota mai sulke. A kai wa shugaban ƙaramar hukuma don taron tsaro, da fadar sarki, da ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, wanda zai iya gabatar da ita a matsayin koke a zauren majalisa. Zamfara tana da irinsu bakwai, Kebbi takwas, ban da sanatoci uku-uku. Abin da ya shafi cin zarafi ko kisan farar hula, a kai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke babban birnin jiha, a kuma aika kwafi ga sashen hulɗar soja da farar hula.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, amma ta ware abin da zai cutar da tsaron ƙasa. Idan kuka nemi yawan sojoji ko inda suke, za a ƙi, kuma da hujja. Ku nemi abin da ba sirri ba: nawa aka ware wa hanya kaza, nawa aka saki, wane kamfani aka ba, motoci nawa jiha ta saya kuma wace hukuma ta karɓa.

Kurakuran da ke kashe irin wannan takarda sanannu ne. Ƙara yawan mamata don a ji tausayi: da an kama adadi ɗaya na ƙarya, sauran duk sun zube. Ambaton sunan ƙaramin soja ko kwamandan sansani ba tare da shaida ba: za a canza shi, a ce an ɗauki mataki, mutum 30 ɗin kuma su ci gaba da zama 30. Barin ɗan siyasa ɗaya ya ɗauki nauyin takardar: ɗaya ɓangaren zai ce ta 'yan adawa ce. Sai sa hannun mutum ɗaya tilo, wanda ke jefa shi cikin haɗari. A sa sunan kwamiti, wakilan unguwanni da na rugage su sa hannu tare, shaidun gani da ido kuma a rubuta su da lamba a takardar da za ta fita, sunayensu na ainihi su tsaya a littafin da ke gida.